Kuɗi ya fita, rasit bai fito ba: Abin da rashin gwada manhaja ke jawo wa mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A kakar bara na tsaya wurin wani mai POS a garin Ƙanƙara domin in cire Naira 40,000 in biya kuɗin hatsin da na saya. Na saka kati, na danna lambar sirri. Na'urar ta yi ta juyi kamar na minti guda, sannan ta nuna cewa cinikin bai yiwu ba. Ban kai ga zare katin ba sai ga saƙo ya shigo wayata, an cire Naira 40,000.

Mai POS ɗin, matashi ne, ya juyo min da fuskar na'urar ya ce, "Wallahi Malam ka gani da idonka, bai shigo ba. Ka yi haƙuri, zai dawo."

Ina riƙe da shaidar kuɗi ya fita, shi kuma yana riƙe da shaidar bai shigo ba. Babu maƙaryaci a cikinmu. Sai bayan kwana tara kuɗin ya dawo, bayan na je reshen banki har sau biyu.

Ni ina da wani abu a aljihu, shi ya sa na iya jira. Amma manomin da ya taso daga ƙauyen Sabuwa ko Faskari, wanda ɗan abin da ke asusunsa shi ne na taki ko na maganin yaro, ba ya da kwana tara. Kuma idan ya ce zai bi kadi, da yawa sai sun hau hanyar Funtuwa ko Malumfashi, hanyoyin da kowa ya san halin da suka shiga a shekarun nan.

Mukan ce "matsalar netwok ce" mu wuce. Gaskiya ne sabis kan yanke. Amma abin da na'ura za ta yi idan sabis ya yanke a tsakiyar ciniki ba ƙaddara ba ce. Wani ne ya rubuta shi, kuma akwai wanda ya kamata ya gwada shi kafin a kawo na'urar kasuwa.

Mene ne gwajin manhaja?

Manhaja jerin umarni ce da mutum ya rubuta wa na'ura. Ita ke cikin POS, ita ke cikin na'urar tantance masu zaɓe, ita ke bai wa ɗalibi tambayoyin JAMB ta kuma yi masa maki. Tunda ɗan Adam ne ya rubuta, kuskure ba ya rasuwa.

Aikin mai gwaji shi ne ya nemo kuskuren kafin jama'a su ci karo da shi. Yana rubuta abin da zai shigar, da abin da ya kamata ya fito, sannan ya kwatanta da abin da ya fito a zahiri.

Matsalar ita ce ba za a iya gwada komai ba. Ko akwatin rubuta adadin kuɗi kaɗai, miliyoyin lambobi za su iya shiga cikinsa. Idan aka haɗa da nau'in kati, banki, ƙarfin sabis da cajin batir, har a naɗe ƙasa ba a gama ba. Saboda haka dole a zaɓa. Tambayar ita ce: wane gwaji za a zaɓa, kuma yaya za a san ya wadatar?

A nan ma'aunin ƙasa da ƙasa ke shigowa.

Ma'aunin da duniya ta amince da shi

Duk wanda ya taɓa awo a kasuwannin kudancin Katsina ya san rigimar tiya. Ta wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba, kuma cika ya danganta da hannun mai awo. Amma kilo ɗaya a Sheme shi ne kilo ɗaya a Kano. Amfanin ma'auni ke nan: mutum biyu da ba su san juna ba su yi ciniki ba tare da rantsuwa ba.

Ƙungiyar ISO mai tsara ma'aunan ƙasa da ƙasa, wadda aka kafa a 1947 kuma take da hedikwata a Geneva ta ƙasar Suwizalan, ita ce babbar cibiyar wannan aiki. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ce ke wakiltar Najeriya a cikinta.

Mai POS na Ƙanƙara ma yana cin moriyarta ba tare da ya sani ba. Dalilin da ya sa katin wani banki ke aiki a na'urar wani kamfani daban shi ne an daɗe da amincewa da tsari guda na aika saƙon ciniki, mai lamba ISO 8583. A watan Agustan 2025 kuma Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna da kamfanonin biyan kuɗi su koma sabon tsari mai lamba ISO 20022.

A ɓangaren gwaji, ma'aunin da aka fi ambata shi ne ISO/IEC/IEEE 29119. An fara aikinsa a 2007. Kashi uku na farko sun fito a 2013: na ɗaya yana bayanin kalmomi da tushen aikin, na biyu matakan da ake bi, na uku takardun da ake rubutawa. Kashi na huɗu, wanda ya fito a 2015, shi ne na dabarun tsara gwaji. Na biyar ya biyo baya a 2016, kuma an sabunta yawancinsu daga baya.

Ginshiƙin ma'aunin shi ne a fara da inda haɗari ya fi yawa. Idan lokaci da kuɗi ba su isa a gwada komai ba, to a fifita wurin da kuskure zai fi cutar da mutane. Launin maɓalli zai iya jira, amma cire kuɗin mutum sau biyu ba zai jira ba.

Akwai kuma ISO/IEC 25010, wanda ke lissafa abubuwan da ake nufi idan an ce manhaja tana da inganci. Bugun 2011 ya kawo siffofi takwas, na 2023 ya mayar da su tara. Daga ciki akwai yin aikin da aka ƙirƙire ta dominsa, sauri, sauƙin amfani, tsaro, da jure wa tangarɗa, wato ta iya farfaɗowa idan wani abu ya katse mata aiki.

Dabaru huɗu da kowa zai iya fahimta

Sunayen suna da nauyi, amma dabarun kansu hankali ne kawai da aka tsara.

Ta farko ita ce rarraba gida-gida. Kowa ya san harajin Naira 50 da ake cirewa idan an tura kuɗi daga Naira 10,000 zuwa sama. Mai gwaji ba ya buƙatar tura kowane adadi. Gida biyu ne: ƙasa da 10,000, da kuma 10,000 zuwa sama. Sai ya ɗauki wakili ɗaya daga kowane gida, a ce 4,000 da 35,000. Sannan ya ƙara gidan abubuwan da bai kamata a karɓa ba, kamar sifili, ko harafi a wurin lamba.

Ta biyu ita ce duba bakin iyaka. Masu rubuta manhaja sun fi yin kuskure a daidai inda doka ta canza. Doka ta ce "daga 10,000", shi kuma ya rubuta "fiye da 10,000". Bambancin Naira ɗaya ne, amma idan mutum miliyan suka tura 10,000 cif, an yi kuskure sau miliyan. Don haka ake gwada 9,999 da 10,000 da 10,001. Haka za a yi da ƙa'idar da Babban Banki ya sanya a Disambar 2024 cewa kada mutum ɗaya ya cire fiye da Naira 100,000 a rana a wurin mai POS. A gwada 100,000 cif, a gwada 100,001, a kuma gwada wanda ya cire rabi da ƙarfe 11:59 na dare, rabi bayan minti biyu.

Ta uku ita ce jadawalin hukunci. A ce cire kuɗi ya dogara da sharuɗɗa huɗu: akwai kuɗi a asusu, lambar sirri daidai ce, ba a wuce ƙa'idar rana ba, kati bai daina aiki ba. Kowane sharaɗi ko dai ya cika ko bai cika ba, wato yanayi 16 ke nan. Sai a zana jadawali a rubuta abin da ya kamata ya faru a kowanne. Sau da yawa tun a wajen zanen ake gano akwai yanayin da babu wanda ya taɓa tunanin hukuncinsa.

Ta huɗu, wadda ta fi shafar abin da ya same ni, ita ce bin sawun matakai. Ciniki a POS ba abu ɗaya ba ne, tafiya ce. Na'ura ta aika buƙata. Buƙatar ta bi ta hannun kamfanin da ke tsakiya ta isa bankin mai kati. Banki ya cire kuɗi ya aiko da amsa. Amsar ta dawo, rasit ya fito. Mai gwaji zai zana waɗannan matakai, sannan da gangan ya yanke sabis a tsakanin kowane biyu, ya ga abin da zai faru.

Idan aka yanke bayan banki ya cire kuɗi amma kafin amsa ta iso, shin na'urar tana ajiye saƙon "a mayar da kuɗi" ta aika da zarar sabis ya dawo? Idan batir ya mutu kafin nan, saƙon yana nan ko ya ɓace? Idan mai POS ya sake dannawa, za a cire sau biyu? Waɗannan tambayoyi uku su ne tazarar da ke tsakanin jiran minti biyar da jiran kwana tara.

Tun a watan Yunin 2020 Babban Banki ya ce a mayar da kuɗin cinikin POS da bai yiwu ba cikin sa'o'i 72. Doka ta faɗi wa'adi, amma gwaji ne ke nuna ko manhajar za ta iya cika shi.

Darasin JAMB da na INEC

Ba sai an je nesa ba kafin a ga abin da ke faruwa idan gwaji ya bar giɓi.

A ranar 14 ga Mayun 2025, Shugaban Hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye ya amsa cewa an samu kuskure a jarrabawar shiga manyan makarantu ta shekarar. Ɗalibai 379,997 abin ya shafa a cibiyoyi 157, wato 65 a Legas da 92 a jihohin Kudu maso Gabas. Bayanin hukumar ya nuna an yi wa manhajar gyara, amma gyaran bai sauka yadda ya kamata a wasu manyan kwamfutocin da ke kula da waɗancan cibiyoyi ba. Sakamakon haka makin da aka bai wa ɗaliban bai yi daidai da amsoshinsu ba, sai da aka sake musu jarrabawa.

Katsina ba ta cikin jihohin da aka lissafa. Amma ba wata dabara tamu ce ta tsare mu ba. Da kwamfutocin da ke kula da wannan shiyya ne gyaran ya tsallake, da yaron da ya bar Faskari tun asuba ya tafi cibiyar jarrabawa shi ne zai ga makin da ba nasa ba. Kuma abin tambaya shi ne ko iyayensa na da muryar da za ta kai Abuja, kamar yadda koken iyayen Legas ya cika kafafen sada zumunta har aka sake bincike.

Ma'aunin gwaji ya yi magana a kan irin wannan kai-tsaye. Duk lokacin da aka taɓa manhaja, a sake gwada abin da ke aiki a da, a kuma tabbatar wurin da aka yi gwajin ya yi daidai da wurin da za a yi aikin gaske.

Bayan wata uku, a Agustan 2025, Hukumar WAEC ma ta janye sakamakon da ta fitar ta sake dubawa, saboda kuskure wajen yin makin wasu takardu da aka sauya jerin tambayoyinsu don hana satar amsa. Adadin waɗanda suka samu kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi ya tashi daga kashi 38.32 zuwa kashi 62.96 cikin 100. A tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai dubban gidaje da aka yi kuka a banza.

Na zaɓen 2023 ya fi kowanne koyarwa. A ranar 4 ga Fabrairu, Hukumar INEC ta yi gwajin na'urar BVAS a rumfuna 436. Shafin IReV na ɗora sakamako kuma an riga an yi amfani da shi a zaɓukan gwamna, kamar na Ekiti da Osun a 2022. Amma a ranar 25 ga Fabrairu, sakamakon 'yan majalisa na hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi, har sai da dare ya yi.

A rahoton da ta fitar daga baya, INEC ta ce an tsara manhajar ne ta ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin wata jiha. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ɗaya ba ne, sai manhajar ta rasa inda za ta ajiye shi.

'Yan siyasa sun yi ta jayayya a kan wannan bayani, kuma ba a nan za a raba gardamar ba. Amma ko da an ɗauke shi yadda hukumar ta faɗa, abin da yake nunawa shi ne an tsallake gida guda. Akwai zaɓen da ke ƙarƙashin jiha, akwai wanda ba ya ƙarƙashin kowace jiha. Dabara ta farko da muka ambata ta ce a ɗauki wakili daga kowane gida. Gida na biyu mutum ɗaya ne a cikinsa, kuma shi ne mafi girma.

Mutanen mazaɓar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa sun san darajar rumfa ɗaya, domin a Fabrairun 2024 sai da aka sake zaɓen ɗan Majalisar Wakilai a wasu rumfunansu bisa umarnin kotu. Inda tazara ke da ƙanƙanta, amincewa da na'ura ba ƙaramin abu ba ne.

Idan aka ce kwamfuta ba ta ƙarya

Masu POS ya kamata su san labarin da ya faru a Birtaniya. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900 masu kula da ƙananan ofisoshin gidan waya bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, saboda wata manhaja mai suna Horizon ta kamfanin Fujitsu tana nuna giɓi a asusunsu. Wasu sun je gidan yari, wasu sun sayar da gidajensu sun biya kuɗin da ba su ci ba. A 2019 babbar kotu ta tabbatar manhajar na da kurakurai, a 2024 kuma majalisar ƙasar ta yi dokar da ta wanke su.

Aikinsu kusan irin na mai POS ne: ƙaramin ɗan kasuwa da ke riƙe kuɗin jama'a a madadin babban kamfani. Idan lissafi ya saɓa, shi ake fara zargi, domin shi ake gani. A ƙauye kuma, inda kowa ya san kowa, zargin cin amana ya fi asarar kuɗin ciwo.

Abin da Geneva ba ta sani ba game da Sabuwa

Ma'auni yana koya wa mutum yadda zai yi tambaya, amma ba ya faɗa masa yadda garinsu yake. Wannan sai ɗan gari.

A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna ciki, kuma sai a ƙarshen shekarar aka fara mayar da sabis. Wanda ke rubuta manhaja a Legas ko Abuja yakan gwada katsewar daƙiƙa goma. Mutanen nan sun ga katsewar watanni. Manhajar asibiti ko ta rajistar manoma da ba za ta iya ajiye bayani ba tare da intanet ba, ta aika daga baya, ba a yi ta domin wannan yanki ba.

Sai batun suna. Sunan garin Ƙanƙara kansa yana da harafi mai lanƙwasa har biyu. Akwai 'Yankara a Faskari da 'Yargoje a Ƙanƙara, masu farawa da waƙafi a sama. Akwai Sa'adatu, Mu'azu, Ɗanjuma da Ɗahiru. Manhajoji da yawa kan ƙi karɓar irin waɗannan haruffa, ko su mayar da su wata alama daban. Sai a wayi gari sunan mutum a NIN daban, a BVN daban, a takardar makaranta daban, a ce masa bayanansa ba su dace ba. Gwajin da zai kama wannan ba ya cin minti biyar, idan har an tuna da shi.

Akwai ranar haihuwa. Dattawa da yawa ba su da takarda, akan rubuta musu 1 ga Janairu. A ƙauye ɗaya za a iya samun masu suna Musa Ibrahim da dama, duk da ranar haihuwa ɗaya a takarda. Manhajar da ke share "maimaici" bisa suna da ranar haihuwa za ta iya goge mutum na gaske daga jerin masu karɓar tallafi, shi bai sani ba, jami'in ma bai sani ba.

Akwai yatsu. Hannun da ya shekara talatin yana riƙe da fartanya, zanen yatsunsa kan shafe. Na matan da suka sa lalle ma kan ba na'ura wahala. Idan da ma'aikatan ofis kawai aka gwada na'urar, za ta ci jarrabawa a ofis ta faɗi a rumfa.

Sannan akwai wayar kanta. Da yawa ƙaramar waya ce mai maɓalli, ana tura kuɗi ta hanyar danna lambobi. Tsarin kan katse idan mutum ya jima bai amsa ba, kuma an auna lokacin ne da mai saurin karanta Turanci. Wanda sai ya miƙa wa ɗansa ya karanta masa fa? Kuma a gida ɗaya waya ɗaya kan yi wa mutum uku ko huɗu aiki, alhali manhaja ta ɗauka kowane layi mutum ɗaya ne.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta a cikin 29119. Abin da aka rubuta shi ne a zauna a lissafa haɗurra, a jera su bisa nauyi, a tsara gwaji ga kowanne, a rubuta wanda aka yi da wanda aka bari. Idan babu ɗan Sabuwa ko wanda ya san Sabuwa a wurin lissafin, jerin zai fito da tsabta amma babu mu a ciki.

Masu suka ma na da hujja

Ba duk masana ne suka yarda da wannan ma'auni ba. A 2014 wasu ƙwararrun masu gwaji a ƙasashe daban-daban suka ƙaddamar da takardar koke suna neman a dakatar da shi. Hujjarsu ita ce gwaji aikin bincike ne da basira, kuma ma'aunin zai sa mutane su shagala da cika takardu su manta da neman kuskure. Sun kuma ce ba a samu amincewar akasarin masu sana'ar ba kafin a fitar da shi.

Duk wanda ya san yadda ake kwangila a ƙasar nan zai fahimci wannan tsoro. Abu ne mai sauƙi a buga rahoto mai shafi 200, a sa hatimi, alhali ba a taɓa fitar da na'urar daga ɗaki mai sanyi ba. Ga kuma tsada, domin yawancin takardun ISO sayar da su ake yi da kuɗin waje, abin da zai yi wa ƙaramin kamfani a Katsina ko Funtuwa nauyi.

Masu kare ma'aunin na cewa ya ba da damar a rage ko a daidaita shi da girman aiki, matuƙar an bayyana abin da aka bari da dalilin barinsa. Kuma ko manyan kamfanoni da ke da komai suna tuntuɓe. A ranar 19 ga Yulin 2024, wani gyara da kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Ɗaya daga cikin matakan da kamfanin ya yi alƙawari bayan nan shi ne ya riƙa sakin irin wannan gyara kaɗan-kaɗan, maimakon a tura wa kowa lokaci guda.

A ganina, a ƙasar da ake da al'adar gwaji mai ƙarfi, ana iya muhawara ko ma'auni ya takura wa ƙwararru. A wurinmu matsalar ta sha bamban. Sau da yawa wanda ya sayi manhajar, ko ma'aikata ce ko ƙaramar hukuma, bai san me zai tambaya ba. Ma'aunin na ba shi abin tambaya.

Tambayoyin da ya kamata a riƙa yi

Lamarin na ƙara matsowa kusa. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. A 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da shirin mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa hukumar fasahar sadarwa ta jiha, KATDICT, domin mayar da ayyukan gwamnati na zamani. A matakin tarayya kuma akwai Hukumar NITDA mai tsara ƙa'idojin fasahar. Albashi, haraji, tallafin taki da rajistar marasa lafiya, duk hanyar da suka nufa ke nan.

Kafin a biya ɗan kwangila, ko kansila ko shugaban makaranta zai iya yin waɗannan tambayoyi ba tare da ya san kwamfuta ba:

Ina jerin gwaje-gwajen da aka yi, kuma wanne ne bai yi nasara ba? Rahoton da ya ce komai lafiya shi ne abin tsoro.

Wa ya yi gwajin? Idan wanda ya rubuta manhajar ne kaɗai, to ɗalibi ne ya yi wa kansa maki.

A ina aka gwada? An kai ta inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, an ba wanda bai yi boko ba ya taɓa?

Idan aka yi gyara gobe, wa zai sake gwadawa, kuma a wane ƙaramin wuri za a fara kafin a baza ko'ina? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan manhaja ta yi kuskure, ina mutum zai kai kuka ba tare da ya yi tafiyar rabin yini ba?

Akwai kuma dama ga matasa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina suna yaye ɗaliban kwamfuta duk shekara, kuma kusan kowa burinsa ya rubuta manhaja. Gwaji sana'a ce mai zaman kanta. Hukumar ISTQB, wadda aka kafa a 2002, tana ba da shaidar ƙwarewa da ake karɓa a ƙasashe da dama, kuma manhajar karatunta kyauta ake sauke ta a intanet, jarrabawar ce ake biya. Yaron da ya tashi a Faskari yana da abin da takwaransa na birni ba ya da shi: ya san inda na'ura ke mutuwa, domin a gabansa ta sha mutuwa.

Da na sake bi ta Ƙanƙara na tarar da matashin nan yana nan a rumfarsa. Yanzu na'ura biyu gare shi daga kamfanoni daban-daban, da wani littafi da yake rubuta duk cinikin da ya maƙale: rana, lokaci, adadi, sunan banki, da ranar da kuɗin ya dawo. Ya nuna min yadda ya lura matsalar ta fi yawa ranar kasuwa da yamma, lokacin da jama'a suka cika gari, sabis ya yi nauyi. Idan ya ga haka yakan ce wa mutum ya fara cire kaɗan a gani.

Bai taɓa jin sunan 29119 ba. Amma abin da ke cikin littafin nan nasa shi ne ainihin abin da ma'aunin ke nema a rubuta. Bambancin kawai, shi yana yin gwajin ne bayan an kawo na'urar kasuwa, da kuɗin maƙwabtansa, kuma har yau babu wanda ya zo daga kamfani ya nemi ganin littafin.